Ina son in zama mai binciken hasashen yanayi, ta ina zan fara?

Wani matashi da ke ajin ƙarshe na sakandare ne ya aiko da tambayar. Ya ce shi ɗan manoma ne, bara sun yi shuka da ruwan farko, sai ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone, dole suka sake neman iri. Tun daga nan yake son ya karanci ilimin yanayi har ya kai ga yin bincike a kan hasashen ruwan sama. Yana so ya san abin da ake karantawa da inda ake karantawa, da kuma ko akwai abinci a harkar. Ya ƙara da cewa mahaifinsa bai natsu ba, yana ganin abin ya yi kama da duba.

Ƙanena, Allah ya yi maka jagora. Bari in fara da zancen Baba, don in bai saki ransa ba sauran bayanin bai da amfani. Ka gaya masa cikin ladabi cewa ba wanda ke cikin wannan aiki da ke da'awar sanin gaibu. Abin da muke yi awo ne da lissafi. Tsohuwar da ta ga hadari ya haɗo daga gabas ta ce wa jikokinta su kwashe shanya, ai ba duba ta yi ba, alama ta gani wadda ta saba gani. Mu ma alamar muke bi, sai dai namu idon ya haɗa da ma'aunai da tauraron ɗan'adam, kuma abin da muke faɗa yiwuwa ce, tana iya faruwa tana iya ƙin faruwa. Abin da hadisin Hudaibiyya ya yi hani a kansa shi ne mutum ya jingina saukar ruwa ga tauraro kaza. In yana son ƙarin natsuwa, ku je wurin malamin da ya yarda da shi ku tambaya tare.

To, sai maganar karatu, kuma a nan ne yawancin matasa ke kuskuren fahimta. Suna zaton ilimin yanayi reshe ne na labarin ƙasa, a haddace sunayen gizagizai da iskoki a wuce. Gaskiyar magana ilimin nan fiziks ne da lissafi. Iska abu ce mai gudana kamar ruwa, tana da nauyi, tana ɗaukar zafi da danshi, kuma akwai ƙa'idojin lissafi da ke bayyana yadda take motsi. Hasashen zamani shi ne a raba sararin sama gida-gida, hawa-hawa, a zuba awon yanzu a kowane gida, sannan a sa kwamfuta ta lissafa yadda kowane gida zai canza bayan 'yan mintoci, a maimaita har a kai gobe da jibi. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada yin wannan lissafi da hannu, ya buga sakamakon a 1922. Hasashen awa shida ya ci masa makonni, kuma bai faɗa daidai ba ko kusa. Ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 kafin a iya tsere wa yanayin duniya. Sai a 1950 aka yi nasarar yin haka da kwamfutar ENIAC a Amurka. A 1963 kuma Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙani a awon farko yana girma har ya lalata hasashen gaba ɗaya, shi ya sa ba a iya faɗin yanayin wata rana takamaimai in ta wuce kamar mako biyu. Saboda haka manyan cibiyoyi ba sa yin lissafin sau ɗaya. Cibiyar Turai ta ECMWF takan yi shi sau 50 tana ɗan sassauya mafarin, in 30 daga ciki suka nuna ruwa sai a ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100 ce.

Don haka ka tambayi kanka tsakani da Allah: yaya kake da lissafi? Ba sai ka zama na ɗaya a aji ba, amma in kana gudun sa, bincike a wannan fage zai yi maka ɗaci. A JAMB lissafi da fiziks ba makawa, sauran darasin kuma ka duba ƙa'idar jami'ar da za ka zaɓa a shekararka.

Jami'ar da ta fi suna a Najeriya a wannan fanni ita ce Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, tana da sashe guda na ilimin yanayi, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, can suka fito. Jami'ar Fasaha ta Minna ma ta daɗe tana koyar da shi. Amma kada ka ɗauka in ba ka samu ɗayansu ba shi ke nan. Ni a ganina wanda ya yi digirin farko a fiziks ko lissafi a Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo, ya fito da sakamako mai kyau, sannan ya ɗora digiri na biyu a ilimin yanayi, bai yi asarar komai ba, sau da yawa ma ya fi ƙarfin gwiwa idan aka zo wurin bincike. Tsarin Hukumar Yanayi ta Duniya, WMO, ya yarda da wannan hanya. Wanda ya bi ta labarin ƙasa shi ma yana isa, amma sai ya koma ya cike giɓin lissafi da kansa, in ba haka ba zai tsaya a kan kwatanta alƙaluman ruwan shekaru, ba zai iya taɓa cikin injin hasashen ba. NiMet na da makarantar horarwa a Oshodi ta Legas wadda WMO ta amince da ita a matsayin cibiyar yanki, tana kuma da wata a Katsina, kusa da gida ke nan ga ɗan Arewa.

Aikin kansa hawa uku ne, kuma gara ka san bambancinsu tun yanzu. Akwai mai awo, wanda ke zaune a tasha, yawanci a filin jirgin sama. Shi ke fita dare da rana ya karanta zafi da danshi a cikin farin akwatin nan mai tagogi, ya duba iska a kan sanda mai tsawon mita 10, ya ƙiyasta nisan da ido ke iya hangowa, ya auna ruwan da ya sauka. A wasu tasoshin shi ke sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura zuwa sama, a lokacin da duniya ta yi ittifaƙi a kai, wato wajen ƙarfe ɗaya na rana da ɗaya na dare agogonmu. Ba Sallah ba Juma'a, aikin karɓa-karɓa ne. Mutane na raina wannan mataki, alhali duk wani lissafi da ake yi a Turai ko Amurka a kan awonsa yake tsaye. Sai mai hasashe, wanda ke haɗa awon da hotunan tauraron ɗan'adam da abin da kwamfutoci suka fitar, ya yanke hukunci ya sa hannu. Matuƙin jirgin da zai tashi daga Kano zuwa Jidda da takardarsa yake tafiya. Na ukun shi ne mai bincike, wanda aikinsa ya gano dalilin da ya sa hasashen jiya ya kuskure da yadda za a gyara. Kai wannan kake so, kuma sai da digiri na uku ake zama a cikinsa sosai. Shawarata, ko da binciken ne burinka, ka samu ka zauna a ɗakin hasashe na damina ɗaya ko biyu. Wanda bai taɓa cewa za a yi ruwa ba a wayi gari rana tsaf, tambayoyin bincikensa daga littafi za su riƙa fitowa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Abin da ya faru da gonarku ba ƙaramar tambaya ba ce a kimiyya, yana cikin matsalolin da har yau duniya ba ta warware ba, kuma yankinmu na daga cikin wuraren da hasashen ruwa ya fi rauni a doron ƙasa.

Daminarmu tana zuwa ne idan iska mai danshi daga tekun Atilantika ta turo arewa ta ture busasshiyar iskar Sahara. Layin da suke haɗuwa yana hawowa a hankali tun daga bazara, ya kai can cikin hamada wajen Agusta, sannan ya koma. Amma danshi kaɗai ba ya kawo ruwa. Yawancin ruwan da ke sauka a Sahel, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100, daga manyan hadurra yake zuwa, irin waɗanda ke haɗuwa su yi jeri na ɗaruruwan kilomita, su taso daga gabas da iska da ƙura a gaba, suna tafiya yamma da gudun kamar kilomita 50 a awa. Da yawansu kan tsiro ne da la'asar a kan tuddai, irin tsaunukan Jos da na Ayar a Nijar, su yi ta tafiya cikin dare. Shi ya sa Yamai ke yawan samun ruwanta da asuba, hadarin da aka haifa jiya da yamma a gabas ne ya iso. A sama kuma, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, tana da lanƙwasa da ke wucewa duk bayan kwana 3 zuwa 5, ita ke tsara ranakun da hadari zai yi ƙarfi da ranakun da zai yi sanyi. Waɗannan lanƙwasoshin in sun faɗa teku ta wajen Senegal, wasunsu ne ke zama manyan guguwowin da ke afka wa Amurka, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Turawa suka damu da samanmu.

Matsalar ita ce gidajen da kwamfutocin duniya ke raba sama da su sun yi faɗi. Na ECMWF kusan kilomita 9 ne kowane gida, ga shi kuwa hadari yana farawa ne daga wuri ƙarami. Don haka kwamfutar ba ta ganin haihuwar hadarin, ƙiyasi take yi, kuma ƙiyasin kan sa ta zubar da ruwa kaɗan-kaɗan kusan kullum da tsakar rana, maimakon ruwa mai yawa sau ɗaya da dare kamar yadda muka sani. A 2018 wasu masu bincike a Karlsruhe ta Jamus suka gwada hasashen ruwa na manyan cibiyoyin duniya a kan arewacin Afirka mai damina. Abin da suka samu ya ba da kunya: hasashen kwana ɗaya zuwa biyar, yadda ya fito daga kwamfuta, bai kai wanda za ka yi ba in ka ɗauki tarihin ruwan wurin kawai ka ce yau ma kamar kullum. Ko bayan an yi masa gyaran lissafi, da ƙyar ya kamo. Idan manhajar wayarka ta ce za a yi ruwa a Funtuwa ƙarfe uku ka ga shiru, ga inda abin ya samo asali. A ƙara da ƙarancin awo, domin WMO ta daɗe tana cewa yawan tasoshin Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba.

Ruwan shuka kuwa, wanda shi ne ciwonka, yana da nasa ma'aunin. Wani masani a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, Sivakumar, ya fitar da ƙa'ida a 1988 wadda har yanzu ake aiki da ita ko da 'yan gyare-gyare: damina ta kama idan bayan 1 ga Mayu aka samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a samu tsayawar ruwa ta fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana talatin da suka biyo. Dubi sharaɗi na biyu da kyau. Ba za ka tabbatar damina ta kama ba sai bayan wata guda, manomi kuwa yau yake son ya san ko ya fita da iri, wani ma ya riga ya yi binne. Hasashen da ke tsakanin mako biyu da wata biyu shi ne mafi wuya a fagen nan gaba ɗaya: ya yi nisa ga lissafin kullum, ya yi kusa ga hasashen shekara wanda ke dogara da zafin teku. NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun kamawa da ɗaukewa, masanan yankin kuma suna taruwa su fitar da na Sahel gaba ɗaya tun 1998. Suna da amfani, amma tsakanin "damina za ta kama a ƙarshen Yuni a yankinku" da "kada ka shuka da wannan ruwan, jira na gaba" akwai tafiya mai nisa, kuma ita ce ke jiran irinku.

Kada ka zaci bincike a nan wasan takarda ne. Bayan farin 1972 zuwa 1973, Jule Charney, wanda ya jagoranci aikin ENIAC ɗin nan, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ƙarewar ciyayi na sa ƙasa ta yi fari ta riƙa mayar da hasken rana, hakan ya rage ruwa. Aka ɗauki wannan aka yi shekaru ana ɗora wa makiyaya da manoma laifin jawo wa kansu fari. Sai a 1986, bayan farin 1983 da 1984, masu bincike a Ingila suka nuna cewa canjin zafin tekunan duniya ne babban dalilin farin, aikin Alessandra Giannini da abokanta na 2003 ya ƙara tabbatar da haka. Ka ga sakamakon bincike ya sauya wanda ake nuna wa yatsa. Yanzu kuma matsalar ta juya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa hadurra mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da fashewar madatsar Alau da ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024, duk sun nuna cewa hasashen ruwa mai yawa cikin 'yan awoyi ya zama larura kamar hasashen fari.

Hunturu ya fi sauƙin kamawa, in ka ga dama ka bi ta nan. Yawancin ƙurar daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, idan iska ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Mai hasashe a Kano in ya ga iska ta yi ƙarfi a Faya-Largeau ta arewacin Chadi gari ya rufe, ya san cikin kwana ɗaya ko biyu hazo zai sauko, jirage su kasa sauka. Akwai kuma masu nazarin alaƙar wannan ƙura da zafi da ɓarkewar sanƙarau.

Abin da ya canza a zamaninku, wanda mu ba mu samu ba, shi ne kayan aiki sun zo hannu. Taskar ERA5, wadda ke ɗauke da yanayin duniya awa-awa tun daga 1940, kyauta ce. Ƙiyasin ruwa na tauraron ɗan'adam irin CHIRPS da TAMSAT kyauta ne. Sabon tauraron Meteosat da aka harba a Disambar 2022 yana ganin walƙiya a kan Afirka, abin da ke taimakawa wajen bin hadari awa biyu ko uku kafin ya iso, musamman a inda babu na'urar rada. Ga kuma hasashe da ƙirƙirarriyar basira: GraphCast na Google ya fito a 2023, ECMWF ta fara aiki da nata a 2025. Wasu na cewa wannan zai kashe aikin. Ni ban ga haka ba, aƙalla a wurinmu. Waɗannan manhajoji daga tarihin awo suke koyo, inda awon ya yi ƙaranci abin da suka koya ma ya yi rauni, kuma sai an samu wanda zai gwada su da ruwan da ya sauka a Gumel da Tasawa kafin a san ko za a dogara da su. Don haka ka koyi rubuta manhaja da Python tun kana shekarar farko a jami'a, kada ka jira a koya maka. Ka kuma riƙe darasin ƙididdiga da muhimmanci.

Ka koyi Faransanci in da hali. Yamai ce cibiyar wannan ilimi a yankinmu: can cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa don amfanin noma take tun 1974, can cibiyar yanayi ta ACMAD mai kula da Afirka baki ɗaya take, can kuma makarantar EAMAC da ke horar da masu hasashe na filayen jiragen ƙasashe masu Faransanci. Ɗan Najeriya da ke jin Hausa da Turanci da Faransanci yana da ƙofofin da abokan karatunsa ba su da su.

Batun abinci, ba zan yi maka daɗin baki ba. Babban mai ɗaukar aiki gwamnati ce: NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003 kuma take ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama, sai hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya, da hukumar agajin gaggawa NEMA, da sojojin sama da na ruwa, da jami'o'i. Albashin na gwamnati ne, kuma ba kullum ake ɗauka ba. A Afrilun 2025 ma'aikatan NiMet sun yi yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu har wani kamfanin jirage ya dakatar da tashi, abin da ya nuna maka nauyin aikin da kuma kukan masu yin sa a lokaci guda. A wajen gwamnati akwai cibiyoyin binciken noma irin IITA da ICRISAT, da inshorar amfanin gona, da kamfanonin mai da ke aiki a teku, da masu wutar sola. Wanda ya iya lissafi da kwamfuta ba ya rasa mafita ko da ya bar fagen. Karatun gaba kuma yawanci da tallafi ake yin sa: shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi yana da digiri na uku a Akure, cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya na ɗaukar ɗaliban fiziks daga ƙasashe masu tasowa, WMO na ba da guraben horo, ga jami'o'in Reading da Leeds a Ingila da ta Nanjing a Sin da suka saba da ɗaliban Afirka. Kuma kada ka ga kamar ba a kai wa ƙololuwa daga nan: ɗan Najeriya, Godwin Obasi, ya riƙe babban sakataren WMO daga 1984 zuwa 2003.

Kafin duk wannan, akwai abin da za ka fara da daminar bana. Ka samo ma'aunin ruwa, ko ka yi da gwangwani mai miƙaƙƙen baki da rula, ka kafa shi a fili nesa da bango da bishiya, inda awaki ba za su ture ba. Kowace safiya a lokaci guda ka auna zurfin ruwan da milimita, ka rubuta, ka zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ka rubuta sifili, kada ka bar gurbin fanko, domin ranakun sifilin su ne rabin bayanin. A gefe ka rubuta abin da NiMet ta faɗa a rediyo da abin da wayarka ta nuna jiya. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita na gonarku. Zuwa kaka sai ka ɗauki ƙa'idar Sivakumar ka ɗora a kan littafinka, ka fitar da ranar da damina ta kama a garinku, ka kwatanta da ranar da Baba ya yi shuka da wadda hukuma ta yi hasashe.